Amsoshin Tambayoyinku: Inshorar gona tana rage feshi ne ko ƙara shi take yi?

Tambaya: Ni manomi ne a wani ƙauye da ke bayan kasuwar Dawanau, cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Gero da dawa da wake nake nomawa, nakan ɗan taɓa riɗi. Bana ƙungiyarmu za ta karɓi bashin kayan noma, an ce mana dole sai an cire kuɗin inshora a ciki. Ɗana da ya yi boko ya ce tunda akwai inshora mu rage sayen maganin feshi, in ƙwari sun ci ai za a biya mu. Maƙwabcina kuma ya ce shi duk wanda ya gani ya shiga irin wannan tsari, feshinsa ƙaruwa ya yi. Wane ne da gaskiya a cikinsu? Kuɗin magani ya ishe ni, ga yaron da yake yi mini feshi kullum sai ya kwana da ciwon kai.

Amsa: In dai irin inshorar da ake haɗawa da bashin noma a ƙasar nan ce, maƙwabcinka ya fi kusa da gaskiya. Amma kada ka yi wa ɗanka faɗa, domin lissafin da ya yi shi ne ainihin lissafin da masana tattalin arzikin noma suka shafe fiye da shekara talatin suna muhawara a kai, kuma akwai inda maganarsa ta tabbata. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ka bi shawararsa tun ba ka san abin da takardar inshorar ta ƙunsa ba, ka tashi a tutar babu, ba wake ba diyya.

Mu fara da takardar. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin inshorar noma a watan Nuwamban 1987, sannan doka mai lamba 37 ta shekarar 1993 ta kafa hukumar da ake kira NAIC. A tsarin da aka shimfiɗa, manomin kayan abinci rabin kuɗin inshora yake biya, gwamnatin tarayya da ta jiha su cike ragowar rabin. Shi ya sa bankuna ba sa son ba da bashin noma sai da ita, haka ma shirin bashin Anchor Borrowers da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya zo da ita a maƙale. Abubuwan da irin wannan inshora take ɗauka sun haɗa da fari, ambaliya, gobara, guguwa, da ɓarnar ƙwari da cututtuka. To kalmar ƙwarin nan ce ɗanka ya ji ya yi murna. Sai dai a duk inda ake sayar da irin wannan inshora a duniya, akwai sharaɗin da ke biye da ita: sai manomi ya kula da gonarsa yadda malaman gona suka tsara, kuma asarar da sakaci ya jawo ba a biyanta. Ranar da ka kai kuka, jami'i zai zo gonar ya duba. In ya tarar waken maƙwabta ya yi 'ya'ya, naka kaɗai tsutsa ta cinye, tambayarsa ta farko ita ce yaushe ka yi feshi, da wane magani. Ka ce masa ba ka yi ba saboda kana da inshora, ka ga ka rufe wa kanka ƙofa da bakinka. Ko da an yarda za a biya, yawanci kuɗin da aka kashe a gonar ake mayarwa, shi ma sau da yawa banki yake wucewa don rage bashi. Buhunan da ka ci burin kaiwa Dawanau a watan da wake ya yi tsada ba sa cikin lissafi.

Akwai kuma sabon salo da ya yaɗu a 'yan shekarun nan, musamman ta hannun NIRSAL, wadda Babban Bankin Najeriya ya kafa, da wasu kamfanonin inshora masu zaman kansu. A wannan salon ba a zuwa gonar kowa a ƙiyasta asararsa. Yanki guda ake ɗauka, a zaɓi wasu gonaki a ciki da kaka, a yanke amfanin ɗan wani fili da aka auna, a ɗora a sikeli, a fitar da abin da hekta ɗaya ta bayar a yankin. In ya gaza abin da aka saba samu da wani adadi da aka yi yarjejeniya a kansa, kowa a yankin sai a biya shi, wanda ya yi asara da wanda bai yi ba. Wani nau'in ma ruwan sama kawai yake dubawa, ta ma'aunin ruwa ko ta tauraron ɗan'adam. Yanzu ka ɗora shawarar ɗanka a kan wannan. Ka ƙi feshi, sauran 'yan ƙungiya sun yi, amfanin yanki ya yi kyau: ba wanda za a biya, asararka taka ce kai kaɗai. In kuwa ka kula da gonarka, shekara ta zo da masifar da ta shafi kowa, ga ɗan abin da ka tsira da shi, ga kuma diyya. Da gangan aka gina ta haka, don kada wani ya kwanta ya jira a biya shi.

Wannan ya nuna maka dalilin da ya sa feshi ba ya raguwa. Saura abin da maƙwabcinka ya gani, wato ƙaruwarsa, kuma idonsa bai yaudare shi ba.

Dalili mafi sauƙi shi ne yadda kayan suke zuwa. Bashin ba tsabar kuɗi ba ne a mafi yawan lokuta; iri ne da taki da kwalaben maganin ciyawa da na ƙwari, wani lokaci har da injin feshi na goyo, duk an riga an ƙidaya su a kanka. Mutumin da aka damƙa wa kwalba huɗu, aka ce zai biya kuɗinsu da kaka, da wuya ya bar biyu a ɗaki. Zai fesa ne ko ƙwarin sun zo ko ba su zo ba. A nan inshora da magani tare suka shigo gida, sai ka ga kamar ita ta jawo shi, alhali bashin ne ya ɗauko su duka biyun.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi. Me yake hana manomin ƙasar Kano zuba kuɗi a gona? Tsoron ruwa ne kan gaba. Kowa ya san shekarar da ruwa zai ɗauke kwana ashirin bayan an yi shuka, ko ya yanke ana tsakiyar fure. Wanda yake da wannan fargaba ba zai sayar da akuya ya sayi taki da magani ba, don ya san in fari ya zo, akuyar da amfanin duk sun tafi. Ranar da aka ce masa in ruwa ya ƙi za a mayar masa da wani abu, hannunsa sai ya saki. An gwada wannan a arewacin Ghana, a ƙauyukan da ke kewayen Tamale, inda damina ɗaya ce a shekara kamar tamu. Masu binciken, Dean Karlan da Robert Osei da Isaac Osei-Akoto da Christopher Udry, sun fitar da sakamakonsu a 2014. Wasu manoman masara an ba su tsabar kuɗi, wasu an ba su inshorar ruwan sama. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne waɗanda aka bai wa inshora su suka fi faɗaɗa gona, suka fi kashe kuɗi a kan huɗa da taki da sauran sinadarai. Ashe ba rashin kuɗi kaɗai ke riƙe da hannun manomi ba, fargaba ta fi ƙarfi. Wannan abin farin ciki ne ta fuskar wadatar abinci, amma ka lura da abin da yake nufi ga tambayarka: inshorar da ta ɗauke maka tsoron fari tana tura ka ka ƙara sayen magani ne, domin yanzu akwai abin da ya cancanci a kare.

Na uku kuwa ya shafi yadda kakanninku suka tsara gona, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wurare mafiya cunkoson manoma a duk yankin Afirka mai ƙarancin ruwa. Ba a barin gona ta huta, don babu filin da za a koma. Baturen nan masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, yana mamakin yadda ƙasa ɗaya ake nome ta shekara da shekaru ba ta mutu ba. Amsar tana gabanka kullum: takin tumaki da awaki da ake turkewa a gida, sharar birni da jakuna suke dawowa da ita bayan sun kai itace, gawo da ɗorawa da kuka da aka bari a tsaye, sai kuma haɗa amfani a gona ɗaya. Gero ya nuna da wuri ya kashe yunwar marka. Dawa ta biyo baya. Wake da gyaɗa suna ƙarƙashi, in ƙwaya ta ƙi, harawa ta samu, dabbobi sun ci, taki ya dawo gona. Wannan gicci da kuke yi shi ne kariyar da manomin Kano ya tanadar wa kansa tun kafin a san wani kamfani. Kuma gona irin wannan ba ta cin magani da yawa. Gero da dawa ba kasafai ake yi musu feshin ƙwari ba, waken da ke warwatse a tsakaninsu ma da yawa ba a fesa shi, ɗan abin da ya bayar a gode wa Allah.

Bashi da inshora kuwa amfani ɗaya suka sani. Takarda za ta ce hekta kaza ta masara, ko ta shinkafa, ko ta waken suya, domin abin da aka shuka zalla shi ya fi sauƙin aunawa da ƙiyastawa. Da zarar ka mayar da gonar haɗi ta koma wake zalla ko masara zalla, ka shiga wani noma daban: amfanin zai fi yawa in an dace, amma ƙwari sun samu shimfiɗa daga wannan iyaka zuwa waccan, ciyawa ma hannu ba zai iya mata ba sai da magani. Ko a Turai haka abin yake. Wani bincike da Niklas Möhring da Robert Finger da abokan aikinsu suka fitar a 2020 kan manoman Faransa da Suwizalan ya ƙiyasta cewa ba don inshora ba, da kuɗin da suke kashewa a maganin feshi ya ragu da kashi 6 zuwa 11 cikin 100, kuma wani ɓangare na wannan ƙari daga sauya abin da ake shukawa ya fito.

A Amurka, inda aka fara wannan gardama, sakamakon ya rabu biyu. A 1993 John Horowitz da Erik Lichtenberg sun duba manoman masara na tsakiyar ƙasar, suka ga masu inshora sun fi kashe kuɗi a maganin feshi da kusan kashi 21 cikin 100. Bayan shekara uku, a 1996, Vincent Smith da Barry Goodwin suka duba manoman alkama na jihar Kansas masu dogaro da ruwan sama, suka ga akasin haka: masu inshora sun fi rage sinadarai. Ka ga ɗanka ma yana da hujja. Abin da ya raba su, a fahimtata, shi ne wane amfani ake magana a kai, wace masifa aka yi wa inshora, kuma yaya ake biya.

Inda maganar ɗanka ta fi fitowa fili shi ne arewa maso gabashin Italiya, a yankin Veneto. Manoman masara a can sun saba zuba maganin ƙwarin ƙasa, ko su sayi iri mai magani a jiki, a kowace gona, kowace shekara, don gudun wata tsutsa da ke cin saiwa. Wani masanin noma mai suna Lorenzo Furlan ya yi kusan shekara talatin yana bibiyar gonakin, ya nuna cewa waɗanda tsutsar take yi wa ɓarna ta gaske ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Wato gona casa'in da biyar cikin ɗari ana zuba musu guba ne saboda tsoron abin da ba zai same su ba. Sai ƙungiyoyin manoman suka kafa asusu nasu na kansu. Kowa ya zuba 'yan yuro kaɗan a kan kowace hekta, abin da bai kai ko kusa da kuɗin maganin ba, ya yi alkawarin bin shawarar malaman gona da sa ido a gonarsa. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, asusu ya biya shi. Kusan adashi ne, sai dai ba a bin layi wajen kwasa, wanda masifa ta samu shi yake ɗauka. Wannan ita ce inshorar da take maye gurbin magani, kuma ta yi aiki ne don ɓarnar ba ta cika faruwa ba, kuma don an gina ta a kan ƙwarin kansu.

Wake a ƙasar Kano ba haka yake ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ƙwarinsa ba baƙi ba ne masu zuwa shekara ɗaya cikin ashirin. Kowace damina suna nan. Ka shiga gonarka da sassafe lokacin da wake ya fara fure, ka tsinki fure ɗaya ka buɗe shi da farce a tafin hannunka. Za ka ga wasu 'yan mitsi-mitsin baƙaƙen ƙwari suna gudu a ciki, su ne suke sa fure ya zube tun bai ƙulla ba. Ka duba inda fure ya manne da ganye ko kwanso biyu suka haɗu da wata 'yar saƙa kamar ta gizo-gizo, da ɗan kashi a bakin rami: ka ɓare, za ka tarar da farar tsutsa mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya. Ita ce masana suke kira Maruca, kuma a shekarar da ta yi tsanani tana iya tafiya da kashi 80 cikin 100 na amfanin. Babu kamfanin da zai yarda ya biya asarar da aka san tana zuwa duk shekara a kan kuɗi kaɗan. Saboda haka wake zalla yana bukatar feshi, da inshora da babu.

Tambayar da ta fi amfani ita ce sau nawa, kuma yaushe. A nan ne kuɗinka yake zurarewa. Akwai feshin da ake yi don an duba an gani, akwai wanda ake yi don maƙwabci ya yi, ko don yau kwana bakwai ke nan, ko don zuciya ta ƙi kwanciya. Na biyun nan shi nake kira feshin tsoro, kuma shi ya kamata inshora ta rage maka. Masu binciken cibiyar nazarin noma ta IITA, waɗanda suke da tasha a Kano da gonar gwaji a Minjibir, sun daɗe suna nuna cewa feshi biyu zuwa uku a kan kari yana wadatar da ingantaccen irin wake: lokacin da ya fara fitar da kan fure, lokacin da fure ya cika, da lokacin da kwanso yake cika. Su ne kuma suka yaɗa tsarin kunya biyu ta dawa ko gero, kunya huɗu ta wake, wanda yake bar maka haɗin da ka gada, ya kuma ba ka damar fesa waken kaɗai ba tare da ka yi wa gona duka wanka ba. Sannan akwai irin SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta samar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, aka amince da fitar da shi a ƙarshen 2019, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. An sa masa ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar Maruca, don a sauko daga feshi shida ko takwas zuwa biyu. Akwai masu ja da irin da aka sauya wa halitta, kuma haƙƙinka ne ka ji bayanin kowane ɓangare kafin ka shuka. Ka dai sani ba ya maganin ƙwarin fure da masu tsotsar kwanso, shi ya sa feshi biyun suke nan.

Yawan feshi kuma ba ya nufin tsira. Manoman tumatir na Kadawa da Kura ba za su manta da 2016 ba, shekarar da ƙwaron da suka sa wa suna sharon ya cinye gonaki, har kamfanin tumatir na Dangote ya tsayar da aiki, jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Mutane sun yi ta fesa abin da suka saba da shi, suna ninkawa, ƙwaron yana cikin ganye bai ji ba. Irin wannan annoba, wadda ta fi ƙarfin kulawar mutum ɗaya, ita ce aka yi inshora dominta. Wanda yake da ita a irin wannan shekara yana iya tsayawa ya nemi malamin gona, maimakon ya ci sabon bashi ya zuba a gonar da ta riga ta tafi.

Akwai kuma maganin da ya fi damuna, wanda inshorar gona ba ta ko kallon inda yake, kuma ku mutanen Dawanau kun fi kowa saninsa. Inshorar amfani a gona take ƙarewa. Da an girbe, an sussuke, an ɗura a buhu, ta gama aikinta. Daga nan tsoro na biyu yake farawa, tsoron ƙwaron da ke huda wake a ajiya ya mayar da shi gari cikin 'yan watanni. Wannan tsoron ne yake sa a yayyafa fiya-fiya a kan abin da mutane za su ci. Kasuwar Dawanau, tun da aka kafa ta a 1985, ta zama inda hatsin Arewa da na Nijar yake haɗuwa kafin ya nufi kudu da ƙasashen waje, don haka abin da aka yi wa buhu a nan yana isa tukunyar wanda bai taɓa jin sunan garin ba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun sinadarin dichlorvos, wanda yake cikin fiya-fiya, a jikinsa. Dokarsu ta yarda da miligiram 0.01 a kilo ɗaya, amma an samu wanda ya kai 4.6. An yi ta tsawaita haramcin bayan nan. Mu ne kan gaba a noman wake a duniya, Nijar tana biye, amma ga inda muka tsaya. Waken da Turawa suka ƙi, mu da 'ya'yanmu muke cin irinsa a ƙosai da alale. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan sinadari a kasuwanni da kantuna, amma doka ba ta cire tsoron da ke sa a saya.

Abin da yake cire shi buhu ne. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, ana yinsa a nan Kano. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na saƙa. Ka busar da wake sarai, ka zuba a leda ta ciki, ka matse iska, ka murɗe bakin ka lanƙwasa ka ɗaure. Ka yi wa ta biyu haka daban, sannan buhun waje. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, ba ɗigon magani. Ka ɗora shi a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kada ka riƙa buɗewa. In ledar ba ta huje ba, za ta yi maka wata kakar.

Batun yaron nan kuwa, Malam, kada ka ɗauke shi da wasa, kuma babu inshorar gona da za ta biya lafiyarsa. Ciwon kai bayan feshi alama ce cewa magani yana shiga jikinsa. Ka duba injin da kanka: yawancin na goyo suna yoyo ta murfi ko ta gindin famfo, rigar ta jiƙe, ya wuni da guba a manne a gadon bayansa cikin rana da gumi, ga shi da silifas, yana auna magani da murfin kwalba, yana busa bakin bututu in ya toshe. A gyara yoyon, a sama masa takalmin roba da safar hannu da doguwar riga da abin rufe hanci, ya yi feshi da sanyin safiya ko yamma yana bai wa iska baya, kada ya ci goro ko ya sha ruwa da hannun magani, ya yi wanka da sabulu da zarar ya gama. In ƙaramin yaro ne, a karɓe injin daga hannunsa gaba ɗaya. Ranar da ka ga yana zubar da yawu, gumi yana keto masa, yana amai ko numfashi yana yi masa wuya, kada a tsaya ba shi madara ko manja. A cire masa kayan, a wanke jikinsa, a kai shi asibiti tare da kwalbar don likita ya ga sunan maganin.

Na san a ƙungiyarku ba za a rasa mai tambayar halascin inshora ba. Malamai da yawa suna da ja a kan wadda aka saba, shi ya sa aka samar da takaful, inda mahalarta suke zuba gudummawa a asusun taimakon juna. Hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanonin da suke yinsa a ƙasar nan. Ku tambayi malamanku, ku kuma tambayi masu ba da bashin ko akwai wannan zaɓi.

Kafin ka sa hannu, ka tashi a taron ƙungiya ka nemi a karanta muku takardar da Hausa. A gaya muku wane kamfani ne, kuma gona-gona ake dubawa ko yanki ake aunawa. In yanki ne, ina iyakarsa, domin ruwan da ya sauka a Dawanau ba lalle ya sauka a Bichi ba. A faɗa muku ko ɓarnar ƙwari tana ciki, da sunan amfanin da aka rubuta, da matsayin gonar da aka haɗa dawa da wake. Ku ji ko dole ne a karɓi duk kwalaben da aka lissafa, ko mutum yana iya rage wasu a rage masa bashi. In kun haɗa baki kuka nema, ya fi a ce kai kaɗai ne. Ku san wa ake biya, manomi ko banki. Sannan ku karɓi lambar wayar da ake kai rahoto da adadin kwanakin da aka ba ku, domin wa'adin gajere ne, kuma diyya da yawa a nan take salwanta. Ɗanka mai boko ga aikin da ya dace da shi: ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar shuka, ranar kowane feshi da sunan maganin, ya adana rasit, in ɓarna ta fara ya ɗauki hoton gonar da waya a ranar, kafin a taɓa komai.